KARATUN LISSAFIN AIKI A JAMI'A: INA YAKE KAI YARO?

Jawabin da aka karanta a babban taron ƙungiya na bayan kaka, da sunan malaman lakwal ƴan asalin gari.



Shugabannin ƙungiya sun ɗora mana nauyi, mu malaman lakwal, mu yi bayani a kan wata tambaya da iyaye ke yawan yi mana. Yaro ya ci bak, ya ce zai tafi jami'a ya karanta lissafi. Sai uba ya ce: likita mun san shi, alƙali mun san shi, soja da ɗan duwan mun san su, to shi mai lissafi wane aiki yake yi, wa zai ɗauke shi, yaushe zai fara taimakon gida? Tambaya ce mai nauyi, domin duk shekarar da yaro ya yi a aji, hannu ɗaya ne ya ragu a gona, ko kuwa kuɗin ci-rani ɗaya ne bai shigo gida ba. Saboda haka za mu faɗi abin da ke akwai, mai daɗi da marar daɗi.

Amsarmu a taƙaice ita ce: lissafi kamar ruwan gatari ne. Yana da kaifi, amma ba ya sara sai an sa masa ƙota. Ƙotarsa kuwa wata sana'a ce da yaro zai haɗa da shi, kamar ƙididdiga, ko kwamfuta, ko aikin ruwa, ko koyarwa. Sauran jawabin nan bayanin wannan magana ne.

1. MENE NE LISSAFIN AIKI?

A jami'a lissafi ya kasu gida biyu. Akwai lissafi zalla, wanda masu shi ke bin ƙa'idoji don su gano wasu ƙa'idojin. Akwai kuma wanda ake kira da Faransanci matematik aplike, mu kuwa muka ga ya dace mu ce masa lissafin aiki. Shi ne a ɗauki wata matsala ta duniya, ta ruwa ko ta hatsi ko ta cuta ko ta kuɗi, a mai da ita lambobi, a warware ta, sannan a komo da amsa wurin masu matsalar.

Wannan ba baƙon abu ne gare ku ba. Dattijon da ya dubi dammansa ya ce wannan geron zai kai mu wata kaza, lissafin aiki ya yi. Uwar adashi da ke riƙe da zubin mata 20 a kanta, ba ta ɓata ko dala ba, shi take yi. Malamin da ke rabon gado, ya fitar da tumuni na matar mamaci da sudusi na uwarsa, shi ma haka. Littafin da aka samo sunan aljabra daga gare shi, wanda Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban kashinsa a kan gado da wasiyya yake. A ƙasar Hausa ma an yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi a kan hatimi, wato zanen gidajen lambobi wanda kowane layinsa in an tara yake ba da jimilla ɗaya. Bambancin kawai shi ne, dattijo yana lissafin rumbu guda da ka, wanda ya yi jami'a kuwa yana lissafin rumbunan ƙasa duka da kwamfuta.

Abin da ake koya wa yaro a can ya haɗa da aljabra; da lissafin yadda abu ke ƙaruwa ko raguwa; da lissafin yiwuwa, wato auna ko abu zai faru ko ba zai faru ba; da ƙididdiga, wato tattara lambobi masu yawa a fitar da ma'anarsu; da yadda ake umartar kwamfuta ta yi lissafin da hannu ba zai iya ba; da kuma neman hanya mafi sauƙi da araha ta yin aiki, kamar yadda za a raba motoci 5 su kai hatsi garuruwa 40 ba tare da ɓarnar mai ba.

2. MISALAI DAGA ƘASARMU

Na farko, ƙidayar jama'a. A 1977 an ƙidaya mutanen Nijar miliyan 5 da ƴan kai. A 1988 miliyan 7 da ƴan kai. A 2001 miliyan 11. A 2012 kuwa miliyan 17 da dubu 138, jihar Maraɗi ita kaɗai tana da miliyan 3 da dubu 402. Tsakanin 2001 da 2012 jama'a ta riƙa ƙaruwa da kusan 4 cikin 100 kowace shekara. Masu lissafi suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: ka raba 70 da adadin ƙaruwar, sai ka sami shekarun da abu zai yi ya ninka. To 70 a raba da 4 ya ba mu kamar shekara 18. A ce gari yana da mutum 1,500. Ƙa'idar ma'aikatar ruwa ita ce rijiyar zamani ko famfo ɗaya ga mutum 250, wato garin yana bukatar 6. Kafin jaririn da aka raɗa wa suna bana ya isa aure, garin na bukatar 12. Haka ajujuwan lakwal, haka gidan likita. Gona kuwa ba ta ninkuwa. Mutum mai hekta 8 in ya bar magada 4 da rabonsu ya zo daidai, kowa ya tashi da 2. In kowannensu ya bar 4, jikoki sun tashi da rabin hekta. Ƴan uwa ƴan ci-rani, wannan lissafin ne ya fitar da da yawa daga cikinku daga gida. Daga Urafan har Korgom, daga Kanambakashe har Gidan Amumun, labarin ɗaya ne. Wanda ke gaya wa magajin gari da ma'aikatar ruwa yawan rijiyoyin da za su tanada tun kafin ƙishi ya zo, mai lissafin aiki ne.

Na biyu, ruwan sama. Kuna ji a rediyo an ce an sami milimita 20 a gari kaza. Milimita 1 ma'anarsa lita 1 a kan kowane fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. A hekta guda lita dubu 10 ke nan, wato tano 50 mai lita 200. Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel suka haɗu suka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. Kowace shekara kafin damina ita da ma'aikatun yanayi na ƙasashen suna fitar da hasashe: ko ruwa zai sauka da wuri, ko za a yi dogon tsaiko bayan shuka. Ba sanin gaibu ba ne, Allah kaɗai ya san gobe. Suna duba lambobin ruwan shekaru masu yawa da zafin ruwan teku, su ce kaza ya fi kusa da faruwa. Manomin da ya ji wannan yana iya zaɓar iri mai saurin nuna, ko ya rage wani iri a ajiye saboda maimaita shuka.

Na uku, sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: a yanki mai mutum dubu 100, in waɗanda suka kamu sun kai 3 a sati guda, a shiga shiri, in sun kai 10, annoba ce, a gaggauta kawo allura. Likita ne ke duba marar lafiya, amma sai an sami mai tattara lambobin gidajen likita duka, sati bayan sati, kafin a gane inda wutar ta kama da yawan allurar da za a aika.

Na huɗu, itatuwa. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka kama sassaben zamani, suna barin gawo da kalgo da sabara su tofo a gona. Masana sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5, itatuwa kuma wajen miliyan 200. Ba wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya. An ɗauki hotuna daga sama, aka ƙidaya na wasu zaɓaɓɓun wurare, lissafi ya ba da sauran. Ku kuka yi aikin, amma da lissafi duniya ta san kun yi shi.

3. HANYA DA TSAWONTA

Yaro yana shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji ya yi birbe, 3 a lise ya yi bak. A jami'a lisans shekara 3 ne, mastar 2, dokta 3 ko fiye. Daga ajin farko zuwa lisans shekara 16 ke nan, zuwa mastar 18, in bai maimaita aji ba. Wanda ya shiga lakwal yana ɗan shekara 7 zai gama mastar yana da 25.

Mararrabar hanya tana bayan birbe. A lise akwai sashen A na harsuna da adabi, da sashen C na lissafi da fizik, da sashen D na lissafi da ilimin halittu. C ce miƙaƙƙiyar hanya, D ma tana kaiwa. Wanda ya shiga A ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Yara da yawa masu kai suna gudun C don an ce musu da wuya, iyaye kuwa ba su san an yi zaɓin ba sai bayan an gama. Ga shi kuma ba kowace lise ce ke da ajin C har zuwa bak ba, wani lokaci sai yaro ya koma babban gari, ya nemi mai masauki.

Bayan bak, ga jami'a nan kusa da mu a Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, tana da tsangayar kimiyya da fasaha inda ake karanta lissafi. Daga Tasawa zuwa can bai wuce tafiyar kilomita 120 da ƴan kai ba, ana iya aika wa yaro gero da wake a mota. Ga kuma babbar jami'ar Yamai. Ita wannan tun 1992 sunan Abdu Mumuni take amsawa, kuma ya kamata kowane yaro a nan ya san cewa a Tasawa aka haifi Abdu Mumuni a 1929. Malamin fizik ne, ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasa daga 1969, ya yi aiki a kan na'urorin ɗumama ruwa da dafa abinci da zafin rana, ya shugabanci jami'ar Yamai, ya rasu a 1991. Duk aikin nan nasa a kan lissafi ya tsayu. Ƴan uwanmu mazauna Najeriya kuma suna da jami'o'in Zariya, Kano da Katsina, amma can da Turancin Ingilishi ake karatu, sai yaro ya ƙware a kansa tukun.

4. INA AIKIN YAKE?

Ƙofa ta farko, kuma mafi faɗi, koyarwa ce. Kwalejoji da lise na karkara suna fama da ƙarancin malaman lissafi, har ana ba wanda bai karanta shi ba ajin ya riƙe. Babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Yamai tana shirya masu wannan aiki.

Ta biyu, ƙididdiga. Akwai manyan makarantu 3 da suka shahara, a Abijan, Dakar da Yawunde. Kowace shekara ana yin konkur na shigarsu, kuma mai lisans na lissafi yana da nasa rukunin. Wanda ya fito daga can injiniyan ƙididdiga ne. Irinsu ake nema a Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ma'aikatun kuɗi, lafiya da noma, da babban banki, da ƙungiyoyin agaji masu auna yunwa da farashin hatsi a kasuwanni.

Ta uku, yanayi da noma. Ban da AGRHYMET akwai cibiyar ACMAD, ita ma a Yamai, da ma'aikatar yanayi ta ƙasa, da cibiyar binciken noma ta INRAN mai reshe a Tarna kusa da Maraɗi, inda ba a cewa wannan irin gero ya fi wancan sai an gwada su a filaye da yawa an auna da ƙididdiga.

Ta huɗu, bankuna, kamfanonin inshora, na tarho, da na aika kuɗi waɗanda kuke amfani da su kowane wata. Duk suna tara lambobi masu ɗimbin yawa, suna neman mai iya sarrafa su da kwamfuta.

Ta biyar, aikin injiniya. Makarantar EMIG ta Yamai tana horar da injiniyoyin ma'adinai, lantarki da gine-gine, da konkur ake shiga. Ƙasa ta buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, da tashar lantarkin hasken rana ta Malbaza a 2018 da ta Goru Banda a 2023. Kafin a kafa famfo mai aiki da hasken rana a gari, sai an lissafa zurfin rijiya, da litar da ake bukata a yini, da yawan allunan da za su ja ruwan.

Ta shida, zurfafa bincike. Akwai cibiyar lissafi ta Afirka mai suna AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda. Tana zaɓar masu hazaƙa daga ƙasashen Afirka, maza da mata, ta ɗauki nauyin karatunsu na mastar.

5. ABIN DA BA ZA MU ƁOYE MUKU BA

Lisans shi kaɗai ba ya ba da kujera a ofis. Yawancin waɗanda suka tsaya a nan koyarwa suke yi, da yawansu ƴan kwantiragi ne, albashin kaɗan ne, ana kuma daɗewa kafin a zama cikakken ma'aikaci. Sauran ƙofofin da muka lissafa ƙunci gare su: wurare kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma kusan duka suna bukatar mastar ko cin konkur. Shekarar farko ta jami'a tana kayar da yara da yawa, har da waɗanda suka saba zuwa na ɗaya a lise. Yajin aiki kan sa shekara 3 ta zama 4. Burs na gwamnati ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma yakan jira shi. Mai lissafin da bai iya kwamfuta ba kuwa, ko bai iya rubuta rahoto da Faransanci mai kyau da ɗan Ingilishi ba, na bayansa za su wuce shi yana kallo.

Kuma ba kowane yaro ne na wannan hanya ba. Wanda lissafi ke ba shi ciwon kai, kada a tilasta masa. Sana'ar hannu da kasuwanci da noma duk hanyoyin arziki ne. Amma wanda Allah ya ba kan lissafi, asara ce ga gari duka a bar shi ya ƙare a turin baro a wata ƙasa saboda rashin kuɗin mota da na littafi.

Akwai wani abu da muke gani a aji kullum. Yarinyar da ke talla ta san dala 20 ita ce faran 100, dala 200 ita ce jikka. Wato kowace rana tana ninka lamba sau 5 a kanta, tana ba da canji ba kuskure. Amma ta zo aji a tambaye ta da Faransanci, harshen da ke kiran 90 da ashirin huɗu da goma, sai ta yi shiru, a ce ba ta da kai. Sau da yawa harshen ne ya tare ta, lissafin yana nan. Abdu Mumuni ya yi wannan magana tun 1964 a littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Saboda haka kada ku yanke wa yaro hukunci da makin ajin farko.

6. ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya, mu malamai mun ɗauki alkawarin kawo wa ƙungiya sunayen yaran da suka yi fice a lissafi tun daga aji 5 da aji 6, kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, iyaye, in yaro ya ci birbe, ku zo mu zauna tare kafin a cika takardar zaɓin sashe. Zaman awa guda ne, amma shi ke yanke hanyar shekara 8.

Na uku, ƴan ci-rani, a buɗe asusun karatu dabam da na biki da na rasuwa. In mutum 100 suka zuba jikka 1 kowane wata, a shekara jikka 1,200 ke nan. Wannan zai taimaka wa yara kaɗan da kuɗin rajista, da mota, da littattafai, da kuɗin zuwa konkur, da tsohuwar kwamfuta mai aiki ko da guda ce su riƙa karɓa-karɓa. A sa mutum 3 su riƙe littafin asusun, a karanta shi a bainar jama'a kowane taro. Wanda ke da gida a Tasawa, Mayahi, Maraɗi ko Yamai, ya sauki yaro ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, iyayenmu mata da dattawa, muna roƙon arziki a kan ƴan mata. A ajujuwanmu sau da yawa su ne kan gaba a lissafi, sai a cire su kafin birbe. Wadda ta nuna kai, a bar ta ta ci gaba, ko a yi sharaɗi da mai neman aurenta cewa karatu ba zai tsaya ba. Garin da ke da malamar lissafi ƴar gari, iyaye sun fi sakin jiki su bar ƴaƴansu mata a kwaleji.

Na biyar, ku samari da ƴan mata masu wannan niyya: tun shekara ta biyu a jami'a ku zaɓi ƙotarku. Ku koyi kwamfuta, ku nemi tsofaffin tambayoyin konkur ku yi ta gwadawa, ku nemi wurin koyon aiki lokacin hutu ko ba biya. Duk wanda asusu ya taimaka, in ya zo hutu ya koyar da ƙannensa kyauta, ya kuma duba wa gari littafin bankin hatsi da na kuɗin famfo. Amfanin ilimi aiki da shi.

Muna roƙon a tattauna waɗannan shawarwari 5 yau kafin a watse, tun ƴan ci-rani ba su koma ba, a kuma rubuta abin da aka tsayar a fitowa ta gaba ta wannan takarda, don waɗanda ba su sami zuwa ba su ma su gani.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya mai da matafiya masaukinsu lafiya, ya yi wa ƴaƴanmu albarka.